Kwat Ɗin da Yaya Ta Ɗinka da Bazara

Da za a ce in koma baya in warware abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata, ba zan tsaya dogon tunani ba. Wata la'asar zan koma, bakin masallacin unguwarmu a nan Daura, inda aka tambaye ni abin da na gani a ɗakin yayata, na ƙi faɗa. Ban buɗe baki na yi mata ƙazafi ba. Shirun da na yi ne ya ɓata mata suna, kuma ɓatancin ya bi ta shekara da shekaru, har makon jiya da muka kai ta makwancinta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don kada a riƙa tuna ta da abin da ba ta yi ba.

Ranar da ta rasu an taru, ba laifi. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta ƙarƙashin darbejiya, maza a waje, mata a ciki. Kowa ya zo sai ya ce baiwar Allah ce, mai haƙuri ce, mai zumunci ce. Amma ni da na san inda maganar ta samo asali, kunnena yana kan abin da ake ƙarawa a ƙarshe. Wani ya ce, "Abin da ya wuce kuma, Allah ya yafe mata." Wani ya amsa, "Amin, ai kowa da nasa." Sai a saci kallona, a sunkuyar da kai.

Ana cikin haka wata babbar mota ta tsaya a bakin titi, direban ya sauko. Dogo ne, da rawani, da gani ka san mutumin ƙetaren iyaka ne. Ya yi sallama, ya zauna a gefen tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, ya share ido da bakin rawaninsa, ya tashi ya tafi. Ni na san shi. Shi ne yake kawo mata saƙon ɗana daga arewa. Amma maƙwabcinta mai sayar da goro, wanda muka taso tare tun muna yara, ya matso kusa da na gefensa ya ce a hankali, "Ka ga irin mutanen nata ko? Har yanzu ba su daina zuwa ba." Ya ɗauka ban ji ba. Na ji, kuma a ranar ma ban ce komai ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Ita ta goya ni. Har gemuna ya yi fari ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Auta, ko a gaban surukaina. Mijinta direban babbar mota ne, yana bin hanyar Agadas har ya wuce can gaba. Daga wata tafiya ya dawo da tari, tarin bai sake shi ba har ya rasu. Ta haihu, amma ba wanda ya rayu. Ba ta sake aure ba. Ta zauna a gidan da ya bar mata, da keken ɗinkinta mai ƙafa, shi ne cinta, shi ne suturarta.

Wanda ya san Yaya ya san ba a miƙa mata riga ta duba gabanta. Juya ta take yi ciki ya koma waje, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, sannan ta ce, "To, yanzu na ga telan." Ko sabuwar riga na sa ranar sallah na je gaishe ta, sai ta kama bakin hannun ta juya, ta ce, "Auta, wannan da gudu aka yi maka shi, mai shi yana jin yunwa." Allura kullum tana soke a ɗankwalinta. In mace ta rasu a unguwa, ita ake kai wa farin yadi ta haɗa likkafani, ba ta taɓa karɓar ko godiya mai tsawo ba. Kayan amare kuwa, a lokacin nan, uwar da ba ta kai wa Yaya ɗinki ba sai a ce ba ta shirya ba.

Ɗana na fari a hannunta ya tashi. Da aka yaye shi aka kai mata, kamar yadda muka tarar ana yi. Ni kuma na riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce yaron nan, ko in ce ɗan Yaya. In ya shigo zaure ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa ne idona yana kan buta ko kan bango. Yana ƙarami ya faɗo daga kan tsamiya. Na dawo daga kasuwar Sandamu, inda nake awon hatsi, matata ta gaya mini an kai shi wurin mai ɗori. Na ce Allah ya sauwaƙe. Zuciyata ta so in je, ƙafata ta ƙi, don kada a ce na nuna rawar jiki a kan ɗan fari. A lokacin gani nake wannan shi ne dattako.

Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne 'yan shekaru bayan an soma aiki da shari'a a jiharmu. Mu dattawan unguwa muka ɗora wa kanmu sa ido. Ba zan ce ba a yi alheri ba, an yi, an rufe wuraren da suka kamata a rufe. Amma wasunmu, da ni a ciki, mun ɗanɗani daɗin a ce in ka yi magana ana saurare. A lokacin kuma zancen ƙwaya ya cika gari. Kullum sai ka ji an ce an kama wani a hanyar Kongolam ta bakin iyaka, wannan ya cusa a kushin ɗin babur, wancan a tsakiyar buhun gero, wani kuma an ɗinke masa a cikin riga. Yaron nan kuma ya zama saurayi, yana acaba tsakanin Daura da Mai'adua.

Matata ce ta fara kawo mini magana. Ta ce matan layin Yaya suna cewa ana jin ƙaurin gashi yana fitowa daga gidanta, kamar ana ƙona wani abu da bai kamata ba. Na ce zancen mata ne. Bayan 'yan kwanaki maƙwabcin nan mai goro ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, ba tsegumi na kawo ba, ka san ni."

Na ce, "Na san ka, shi ya sa nake jira in ji."

Ya ce, "Da idona na gan ta a kasuwar Mai'adua, wurin 'yan gwanjo. Ta sayi wani ruɓaɓɓen kwat wanda asu ya gama cinyewa, ko kyauta aka ba ka ba za ka ɗauka ba. Sannan tana bin barguna tana zaro zare, tana ƙyasta ashana tana ƙonawa tana sansanawa. Yanzu kuma ta mayar wa wata uwar amarya kayan ɗinkinta, ta ce hannunta a cike yake. Da me ya cika? Mace tana zaune ita kaɗai a gida, tana ɗinka rigar namiji ta ulu, a wannan zafin da ko ƙadangare yana neman inuwa?"

Gaskiya bazara ce mai tsanani. Washegari da hantsi na tafi.

Na tarar da ita a tsakar ɗaki, gumi yana zuba daga goshinta. Tsohon kwat ɗin nan ta farke shi gaba ɗaya, ta ware gaba daban, baya daban, hannuwa da wuya daban, ta shimfiɗa su a kan bargon ulun mijinta mai kauri, wanda na san ba ta bari kowa ya taɓa. Ta zana gefensu da alli, ta yanka bargon a kan zanen. Da ma da tsohon take koyon yadda ake yankan, don ba ta taɓa ɗinka irinsa ba. Ga dutsen guga cike da gawayi, tana ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ulun tana dannawa, tiriri yana tashi. Ga karyayyun allurai a cikin murfin kwano, don keken ya kasa cin kaurin, inda ya yi tauri da basilla take bi da hannu. A gefe kuma ga shaddar babbar rigar mijinta, ta yanka ta za ta yi shafi, wato ƙyallen da ake sa wa riga ta ciki.

Na ce, "Yaya, wa za ki dafa a cikin wannan?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na mai shi ne."

"Mai shi ba shi da suna?"

"Yana da shi. Kai ne ba ka iya faɗarsa."

Na ɗauka baƙar magana ce irin tata. Na tambaye ta zancen ƙaurin gashi. Ta zaro zare daga bargon, ta ɗora a garwashi, ta miƙo mini kusa da hanci. Ta ce, "Ulu na gaskiya ƙaurin gashi yake yi. Na ƙarya narkewa yake kamar leda. Bargon ya ƙare saura hannun riga ɗaya, ciko na je nema. Akwai saura, ko ka gama shari'ar?"

Na ce, "In rigar sanyi ake so, me ya hana a sayi ta gwanjo a huta?"

Ta ce, "Ta gwanjo an yanka ta ne a jikin wani."

Na fita ban gamsu ba. Mutumin da ya riga ya sa zargi a ransa, duk amsar da aka ba shi sai ya ga kamar an shirya ta ne tun kafin ya zo.

Da na sake komawa, kwat ɗin ya kusa haɗuwa. Ta rataye shi a ƙusa, baƙi-baƙi, mai tsawo har gwiwa, da manyan maɓallai da ta cire daga tsohon. Tana madafa, na ɗauko na zura a jikina. Nauyinsa kamar an ɗora mini jariri. Kafaɗar hagu ta ƙi zama, ta zame ƙasa, hannun wannan ɓangaren kuma kamar ya fi ɗayan gajarta. Na ce a raina, Yaya da ba ta taɓa karkace ɗinki ba, ba banza ta yi haka ba. Na shafa cikinsa. Tsakanin ulun da shaddar akwai wani abu mai taushi, an bi shi da ɗinki layi-layi, a tsaye da a kwance, ya zama ƙananan gidaje kamar an jera ƙulli. Na matsa ɗaya, na ce a raina ga maɓoyar ƙwaya.

Ta shigo ta gan ni a ciki, ta yi dariya. Ta ce, "Cire, Auta, kafin ka suma a ɗakina a ce ni na kashe ka."

Na ce, "Ɗinkin ma a karkace yake."

Ta ce, "Daidai yake. Ba naka ba ne kawai."

Kuskurena na farko shi ne, da na fita na gaya wa mai goro abin da hannuna ya taɓa. Kafin magariba duk dattawan layin sun ji. Suka ce mini, 'yar'uwarka ce, kai ya kamata ka duba, in ba ka duba ba su za su kai maganar gaba. Na ga kamar rufa mata asiri zan yi in na riga su. Can cikin raina kuma, in faɗi gaskiya, ina so a ce ga mutumin da bai ƙyale ko yayarsa ba.

Washegari bayan azahar na shiga ba wasa a fuskata. Na ce, "Yaya, zan buɗe cikin rigar nan."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Su suka aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

Na zaro wuƙata daga aljihu. Ta ce, "Ajiye wannan. Ga reza. Ka bi ta kan zare, kada ka ci mini shadda." Ta koma bakin gado ta zauna, ta harɗe hannu.

Na farke gida na farko, auduga ce. Fara tas, wadda ta gurje ta shiɓe da hannunta. Na farke na biyu, auduga. Da ina da hankali nan zan tsaya. Amma duk wanda na buɗe na ga ba komai, sai in ce ai mai wayo ba zai sa a baki-baki ba, yana can ciki. Na bi gaba, na bi baya, na shiga hannuwa, na buɗe wuya. Tun ina bin zare har na koma fizga. Auduga ta cika ɗakin, ta maƙale a gemuna, tana yawo a iska. Aikin da ta yi bazara guda tana yi, na gama da shi kafin a kira la'asar.

Ina durƙushe a cikin audugar nan na ji an kashe babur a waje. Yaron nan ya yi sallama ya shigo. Ya dubi ɗakin, ya dubi gwaggonsa, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kwat ɗin, ya karkaɗe, ya sa a jikinsa, shafin yana reto ta ƙasa.

Kafaɗar nan da na ce a karkace take ta zauna ɗas. Hannun da na ce ya gajarta ya tsaya daidai wuyan hannunsa. Ranar na fara ganin cewa kafaɗar ɗana ta hagu ta fi ta dama sauka, tun faɗowar nan daga kan tsamiya. Duk unguwa sun san da haka. Ni da na haife shi ban sani ba, don ban taɓa tsayar da idona a kansa ba.

Ya cire, ya ninke, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Baba, in an gama dubawa, zan fita." Ya fita.

Yaya ta ce, "Arewa zai tafi, Auta. Can gaba da inda mijina yake zuwa, wurin aikin gini. Na hana, na yi kuka, na yi fushi, bai hanu ba. Ni na ga abin da sanyin ƙasar nan ya yi wa ƙirjin namiji mai ƙarfi. Da na ga ba zan iya tsayar da shi ba, na ce bari in yi abin da na iya."

Na ce, "Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Ta ina? Yaushe ka taɓa zama da shi? Ya roƙe ni in bari sai rigar ta gama, in kawo shi gabanka da ita a jikinsa, ka sa masa albarka. Ga shi ka gan shi da ita."

Daga ɗakin nan masallaci na wuce. Ana idar da salla suka kewaye ni a bakin ƙofa, mai goro a gaba. Ya ce, "Malam, yaya? Me aka samu?"

Amsar ba ta da wuya: ba komai. Amma a wannan tsayuwar na hango kaina. In na faɗa, na zama mutumin da ya yaga aikin yayarsa a kan banza, wanda ɗansa zai bar ƙasa bai sani ba, wanda bai ma san siffar ɗansa ba. Na ga yadda za a riƙa ba da labarin a wurin mai shayi. Sai na sunkuyar da kai na ce, "Ku bar maganar nan don Allah. 'Yar'uwata ce."

Mai goro ya dafa kafaɗata ya ce, "Mun gane, Malam. Allah ya rufa asiri." Suka watse suna jinjina mini. Na san abin da suka gane, kuma na bar su da shi.

Ba a jima ba yaron nan ya tafi. Mutane suka haɗa biyun, suka ce ai gudu ya yi kafin a kama shi. Yaya ta so ta kwana biyu tana gyara rigar kafin ya tashi, ya hana ta. Matata ce ta kawo mini abin da ya ce: "Gwaggo, bar shi yadda yake. Ranar da Baba ya gaya wa mutane abin da ya gani, sai a ɗinke." Ya tafi da 'yar rigar sanyi ta leda irin ta 'yan acaba. Bai zo sallama ba, ni ma ban aika a kira shi ba. Bayan tafiyarsa Yaya ta ninke kwat ɗin, ta tattara audugar a buhu, ta ba matata ta kawo mini. Saƙon da ta haɗo da shi gajere ne, ta ce wanda ya buɗe shi ne ya san inda ya tsaya. Na jefa a ƙasan akwati.

Daga wannan shekarar kayan amare suka daina zuwa gidanta. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya daina gaishe ta. Uwar amarya sai ta wuce ƙofarta da ƙullin atamfa ta kai wani layin. Abin da bai daina zuwa ba shi ne farin yadi. In an yi mutuwa, har waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar, ita suke bugawa ƙofa. Takan karɓa, ta haɗa, ta miƙa, ta ce Allah ya jiƙan musulmi.

Matata ta taɓa ce mata, "Yaya, ke ba za ki fito ki wanke kanki ba?" Ta ce, "In na ce ba komai, ai duk wanda ake zargi haka yake cewa. Wanda ya duba ake jira."

Ni kuwa ba ta canza mini ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Tuwon sallah bai daina zuwa ba. In ta ga aljihuna ya yage, sai ta ce, "Tuɓe, Auta," ta zaro allura daga ɗankwali. Da waya ta yawaita, yaron nan yakan kira ta. Duk lokacin da na je sai ta ce, "Ya bugo, yana gaishe ka." Har yau ban sani ba ko ya taɓa cewa a gaishe ni, ko ita ce take ƙarawa daga wurinta. Na sha jin tana ce wa matata yaron nan ya kamu da tari a can, yakan tashi in sanyi ya shigo. In na ji haka sai in tashi in fita.

Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa. Sai in ga ai maganar ta tsufa, tayar da ita zai fi ɓarna. Haka na riƙa lallashin kaina.

Da ciwonta ya yi nauyi na je na zauna a bakin gadon nan da ta zauna ranar. Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun kafin ka kai bakin ƙofa. Amma yafiyata a ɗakin nan ta tsaya, Auta, ba ta shiga kunnen mutane ba. Ni na gama da su. Yaron nan ne, in ya dawo, da wane suna zai shigo gari?"

Na ce mata ranar Juma'a zan tsaya a masallaci in faɗa. Ba ta kai Juma'ar ba. Likkafaninta a ƙasan adakarta muka same shi, ta riga ta haɗa abinta.

Ranar sadakar uku, bayan liman ya shafa fatiha, na miƙe. Na ce, "Jama'a, akwai maganar da na riƙe. Rigar nan da Yaya ta ɗinka, ni na farke ta da hannuna, tun daga wuya har ƙasa. Ba komai a ciki sai auduga. Ɗana ta ɗinka wa don sanyi. Kunyar kaina ce ta hana ni faɗa, ba asirinta na rufa ba."

Sai wani dattijo daga baya ya ce, "Allah sarki. Ka cika ɗan'uwa, Malam. Har bayan ranta." Wasu suka ce Allah ya saka da alheri. Na duba fuskokinsu, na ga tausayina suke ji, ba yarda suka yi ba.

Na aika gida aka ɗauko kwat ɗin da buhun audugar, na ajiye a tsakiyar tabarma. Na ce kowa ya taɓa. Suka riƙa miƙa wa juna, ana shafawa, ana yaba kaurin ulun. Da ya iso hannun mai goro, ya juya shi, ya leƙa cikin gidajen nan da na farke, ya ce, "Ai kuwa ba komai. Yanzu kam ba komai." Ya miƙa wa na gaba.

Ban yi fushi da shi ba. Ni na koya masa.

Washegari da rana yaron nan ya bugo wa uwarsa, matata. Suka yi gaisuwa, ta yi kuka, sannan ta miƙo mini wayar ba tare da ta tambaye shi ba. Na ji numfashinsa. Ya ce, "Baba, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Ya naka haƙurin? Kai aka yi wa rashi." Sannan na kira sunansa, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi. Na ce, "Na faɗa musu."

Ya ce, "Sun yarda?"

Na ce, "A'a."

Ya yi tari, ya daɗe bai tsaya ba. Da ya lafa ya ce, "Rigar tana nan?"

"Tana nan."

Ya ce, "Sanyi ya kusa shigowa nan. Direban nan mai rawani zai sake bi ta Daura. Amma kada a kai wa tela."

Yanzu kullum da hantsi, lokacin da idona ya fi gani, ina zama a zaure da kwat ɗin a cinyata. Matata tana zura mini zare. Ramukan allurar Yaya suna nan a jikin shaddar, ƙanana, a jere, su nake bi. Ina cusa auduga gida-gida ina rufewa. Da za ta juya shi ta duba cikinsa, na san abin da za ta ce game da telan. Masu wucewa suna leƙowa, kuma na lura wasu sun fara rage tafiya suna kallon abin da nake cusawa. Duk wanda ya tsaya, kiransa nake yi ya shigo ya taɓa da hannunsa kafin in ɗinke.

Wanda ya karanta wannan, in ya ji an ambaci yayata an ƙara da "abin da ya wuce," ina roƙonsa ya ce auduga ce, ƙaninta ya gani da idonsa. Kuma in wata rana aka aike ka ka duba wani, ka duba ba ka ga komai ba, don Allah kada ka yi irin tawa. Ka faɗa a ranar, a wurin, tun mutane suna iya yarda da kai.